Igiyar da Baba Lokhande Ya Zana

Kullum kafin ya tafi ofishin jarida, Baba Yashwant Lokhande sai ya tsaya a bakin famfon unguwarmu ta masu shara a garin Solapur na ƙasar Indiya. Zai ɗaga zanen barkwancinsa na ranar, ya danne rubutun ƙasan da babban yatsa, ya ce wa matan da ke layin ruwa, "To, iyayengijina, me kuka gani?" In suka yi shiru, nan take zai yage takardar. Tsohuwa Hirabai takan ce, "Yashwant, wannan alƙali ne ko kabewa?" Ya yi dariya ya koma ya sake.

Haka ya yi shekara da shekaru a wata 'yar jaridar mako da ko fankar kirki ba ta da ita.

Abin da ba zan manta ba shi ne shekarar da kotu ta dakatar da guraben da aka keɓe wa 'ya'yanmu a makarantar likita, ana tsakiyar ɗaukar ɗalibai. 'Yarsa Vaishali ta riga ta samu gurbi. Har an raba alewa gida-gida, an ɗinka mata farar riga. Rana ɗaya aka ce babu.

Editansa ya ce, "Lokhande, ka yi mana abin dariya, amma ka bi a hankali. Wasu lauyoyi na neman yi wa Vaishali hanya ta gefe. Ka taɓa alƙalai, sun janye."

Baba ya koma gida ya faɗa mata. Ta ce, "Baba, mu nawa aka kora? Ni kaɗai za a shigar ta taga? Zana abinka."

Ya zana 'yan mata biyu a bakin rijiya ɗaya. Ɗaya igiyar guganta doguwa, ɗayar gajera ce an ƙulla mata ƙari. Ga alƙali da almakashi yana yanke ƙullin. Da ya kai famfo ranar, babu wadda ta yi dariya. Hirabai ta ajiye tulunta ta fashe da kuka.

Zanen ya bazu, ɗalibai suka ɗaga shi a kan tituna, iyaye suka haɗu suka ɗaukaka ƙara. An dawo da guraben, amma shari'a ta ja shekaru, kuma wallahi kafin a gama, damar Vaishali ta riga ta wuce. Yau a kantin magani take, tana miƙa wa mutane abin da wasu suka rubuta.

Baba, kai ne ka yi mana magana lokacin da bakinmu ya mutu. Mun san abin da ka biya, kuma abin yana mana ciwo.

Watan nan ya ajiye aiki, hannu ya soma rawa. Vaishali ce ta raka shi asibiti. Likitar da ta duba shi 'yar layinmu ce, Pradnya, wadda ta samu shiga bayan an dawo da guraben, tana ganinsa ta durƙusa ta taɓa ƙafarsa don girmamawa. Baba kuwa 'yarsa kawai yake kallo tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da takalmansa.

Mun gode, Baba. Masu alƙalami, ku yi koyi da shi. In kuma kun bi ta kantin nan, ku gaida Vaishali da sunan Dakta.