Ranar da Lauya ta hana ni sa hannu

A gidanmu ni ce mai sa hannu. Ni ce babba, kuma abin da na fito da shi daga firamare ke nan, don karatun kam bai zauna ba. Sa hannuna har da wutsiya, in na ja ta sai ta kai bakin takarda. Da za a yi wa Baba aikin ido, ni na sa. Da aka kwantar da Mama, ni na sa. Ban taɓa ɓata wa likita lokaci da tambaya ba, a nuna min wurin da yatsa kawai.

Autarmu kuwa Lauya muke ce mata. Ba ta taɓa leƙa kotu ba, tela ce. Tun tana 'yar mitsitsiya, in kin aike ta sai kin yi mata bayanin dalilin aiken. Shagonta keke biyu ne da teburin yanka da wani madubi mai tsaga. Ki kai mata yadi, ba za ta taɓa almakashi ba sai ta zana miki rigar a bayan kwali, ta nuna wuya, ta nuna hannu, ta ce, "Haka? Duba da kyau, in na yanka ba ya komawa." Masu gaggawa duk sun gudu. Waɗanda suka jure kuma ba sa kai ɗinki wurin kowa.

Shekararta shida da aure, ba haihuwa, ga jini yana ta zuba har tafin hannunta ya yi fari. Aka ce ƙari ne a mahaifa, sai tiyata. Mijinta direban babbar mota ne, yana hanya, ya bugo ya ce, "Yaya, ke ce uwa ke ce uba, duk abin da suka kawo ki sa hannu."

Ana gobe aiki nas ta shigo da takarda shafi uku. Kafin ta gama cewa wa zai sa, na zaro birona. Sai na ji an riƙe min tsintsiyar hannu.

"Yaya, me aka rubuta?"

"Takardar aiki ce mana."

"Wane aikin?"

"Naki. Ke dai kwanta."

Ta juya wurin nas. "Baiwar Allah, me za a cire, me za a bari?"

Nas, da gado ashirin ke jiranta, ta ce likita ya sani.

"To a kira min wanda ya sani."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce wa Lauya mutanen nan shekara nawa suka yi suna karatu, ke da keken ɗinki za ki tsare su da tambaya? Ta ce ai cikinta ne ba karatunsu ba. Na bi nas har ƙofa ina ba ta haƙuri, na ce haka take tun haihuwa, mun gaji mun bari.

Sai bayan awa biyu likita ya zo, idonsa jawur don gajiya. Lauya ta karɓe birona, ta juya bayan takardar ta miƙa masa. "Likita, zana min."

Ya yi dariya, amma ya zana. Wani abu kamar ƙwan fitila, da dunƙule uku a jiki. Sannan ya zagaye duka da babban layi.

"Wannan babban layin fa?"

"Nan za mu cire."

"Har da mahaifar?"

Ya ɗago. "Ba a gaya miki ba? Yaranki nawa?"

"Ko ɗaya."

Sai ga likita ya jawo kujera ya zauna. Ni ban taɓa ganin likita a zaune gefen gado ba. Ya ce ya ɗauka an yi mata bayani tun ranar da aka rubuta ta cikin masu jiran tiyata, waccan ranar kuma an ɗauka shi zai yi. Ya ce hanya biyu ce. In an cire duka, aiki ya fi sauƙi, jini ya tsaya har abada, haihuwa kuma babu. In ƙarin kawai aka ɓanɓare, aikin zai daɗe, za ta zubar da jini da yawa, ƙarin na iya dawowa, ciki kuma ba alkawari. In jini ya ƙi tsayawa tana kan tebur, dole su cire don ta rayu.

Lauya ta daɗe tana kallon zanen. Ta ce, "In don raina ne, ku cire. In don aiki ya yi sauri ne, ku bar min kayana. A rubuta haka, a karanta min."

Aka kawo sabuwar takarda, aka karanta mata layi-layi, ta sa hannu da kanta. Sa hannun kamar kaza ta taka. Ni aka ba ni wurin shaida, can ƙasa, ɗan wuri ƙarami.

Aka ɗaga aikin kwana uku don a tanadi jini. Kuɗin ledar jini ɗaya kuwa, kada ma a tambaya.

Jiya aka yi. Awa huɗu ina zirga-zirga a baranda har takalmina ya tsinke. Likita ya fito ya ce ƙarin ba uku ba ne, biyar ne, an kwashe su, mahaifa tana nan. Na rungume wata mata mai shara da ban santa ba. Nan take na buga wa mijin waya, na buga wa Gwaggo, na buga wa matan layinmu. Na gaya musu yadda muka tsare likita muka ce sai ya zana.

Da ta farfaɗo, bakinta a bushe, ta laluba cikinta ta kalle ni. Na ce, "Tana nan." Ta rufe ido, hawaye ya gangaro mata ta kunne.

Can ta ce, "Yaya, kada ki gaya wa kowa tukuna. Likita ya ce sirrina ne, ni zan faɗa in na ga dama."

Na ce wa zan gaya wa? Na gyara mata bargo, na kife wayata a kan cinya, don Gwaggo ce ke sake kira.