Baba Tanimu da Wasiƙar Fanya

Duk wanda ya zauna a unguwar Bin Omran, nan ƙasar Larabawa, ya san Baba Tanimu ba ya wuce kwandon shara bai leƙa ba. Ba abinci yake nema ba, ambulan yake nema. In ya ga mai kan sarki a jiki, sai ya ɗauka ya kaɗe, ya sa a aljihun gaba. Ya dawo ɗaki ya ɗora buta, ya kara ambulan a bakin tururi har kan sarkin ya saki, sannan ya ɗauke shi da hantsaki. Shayi kuwa sai ya gama za mu sha, da ruwan da ya rage.

Shekara biyar muna ɗaki ɗaya. Shi direban motar ma'aikata ne, ni gadi nake. Ban yi makaranta ba. Na bi ta Agadas, na yi zaman kurkuku a Libiya, na ga abin da na gani, ba na kuma yawan magana. An ce tunda ni na fi kusa da shi in faɗi wani abu. Ni ke faɗa, Awudu ɗan Kumasi maƙwabcinmu ke rubutawa, na kuma ce kada ya cire inda ya ji kunya.

Kan sarkin Baba a gwangwanin dabino suke. Na ƙasashe da yawa ne, amma duk 'yan rakiya ne. Manyan guda uku ne, a naɗe cikin farin ƙyalle. Ɗaya tsuntsu, ɗaya kifi, ɗaya wani Bature mai kakin soja. Na wani tsibiri ne, Fernando Po, shi yana ce masa Fanya. Kafin ya taɓa su sai ya wanke hannu. In ka matso ya ce ka juya bakinka, numfashi na da laima.

Na taɓa tambayarsa, "Baba, ina ne Fanya?"

"Cikin teku, gaban Kalaba. Turawan Sifen suka riƙe shi, koko ake nomawa. Wasiƙa in za ta je, sai ta jira jirgin ruwa. In ta makara ta jira na gaba."

"Yanzu fa?"

"Sun canza masa suna. Ni ban canza ba."

Awudu ya leƙo ya ce, "Baba, wannan tarkacen naka duka ko shayin karak kofi ɗaya ba zai saya ba."

Baba bai ɗago kai ba. Ya ce, "Kai ma in an kai ka kasuwa ba za a ba da karak a kanka ba. Amma ga shi uwarka na sonka."

Kun san maganarsa: wasiƙar da ba ta dawo ba, ta isa. Duk wata sai ya rubuta wa 'yarsa Hadiza a Kafanchan. Ita kuma ta kira a waya ta ce, "Baba, ni fa ban ga komai ba." Ya ce, "Ta dawo min ne? Ba ta dawo ba. To ta isa, ke ce ba ki je wurinta ba."

Da Hadiza ta haihu, Baba ya ce zai yi walima ranar Juma'a. Bango ɗaya ne tsakaninmu da Awudu, ko tari ya yi muna ji. Amma Baba ya zauna ya rubuta masa takardar gayyata, ya shiga mota har gidan waya ya aika ta akwatin kamfaninsu. Ranar Juma'a Awudu ya ji ƙamshin shinkafa da rago ya taho da faranti. Baba ya tare ƙofa.

"Ina takardarka?"

"Wace takarda, Baba?"

"Na aika maka."

"Ban gani ba."

"To shigo. Amma ka sani a ɗan kutse ka ci."

Bayan mako uku wani ya tuna ya buɗe akwatin kamfani. Sai ga Awudu da ambulan a hannu yana dariya. "Baba, na amsa gayyata. Ina shinkafa?" Baba ya karɓi ambulan, ya duba hatimin gidan waya da aka buga a kan kan sarkin, ya ɗora buta ya cire abinsa. Ya zuba wa Awudu ruwan zafin a kofi ya ce, "Dama wannan nake jira. Sha ka tafi."

Sai korona ta zo. Kowa da takunkumi a fuska, ba musabaha, ba jam'i. A cikin wannan hali Baba ya je gidan waya, ya sayi kan sarki, ya sauke takunkumi a gaban jama'a ya lasa. Mai sayarwa ya miƙe tsaye yana cewa da Larabci, "La, la, Hajji!" yana nuna masa soso mai ruwa. Baba ya manna abinsa ya ce da Hausa, "Soso ne ubanta? Ni na rubuta, ni zan lasa." An raka shi waje. Ya dawo yana murna, don wasiƙar ta riga ta faɗa akwati.

Bayan nan wani a motarsa ya kamu, aka kulle mu a ɗaki mako biyu. Awudu ke ajiye mana abinci a bakin ƙofa, yana fesa maganin kashe cuta a kan komai, har takalmi. Wata rana da hantsi ya zuro hannu ta taga zai fesa teburin Baba. A kan teburin akwai wani tsohon ambulan mai ruwan ƙasa da ban taɓa gani ba. Dattijo mai ciwon gwiwa, amma na ga ya yi tsalle ya rufe shi da ƙirjinsa. Feshin ya sauka a bayansa. Bai yi faɗa ba.

Ranar ya ba ni labari. Ubansa Malam Garba mahauci ne. Ya bar Kafanchan Baba yana goye, ya bi ta Kalaba ya haye Fanya, don an ce masu aikin koko na son nama. Wasiƙa uku ya aiko, kan sarkin nan uku nasu ne. Daga nan shiru. Innarsa ta je wurin mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya, ta faɗi abin da za ta faɗa, aka liƙe aka aika. Bayan watanni ta dawo yadda ta tafi, da wani hatimi a baya cikin yaren Sifen. Ba wanda ya iya karantawa. Inna ta ajiye ta a adaka. Da za ta rasu ta ba shi ta ce, in ka same shi ka ba shi.

Na ce, "Buɗe mana ka ga abin da ke ciki."

"Sunana ne a jiki?"

"Uwarka ta aika, ubanka aka aika wa. Wa ya rage in ba kai ba?"

"Ni ɗan aike ne. Ɗan aike ba ya buɗe saƙo."

"To kai da kake aika wa kowa wasiƙa, sake aika ta."

Ya juya ambulan a hannunsa. Can ya ce, "Ranar da ta dawo, kwana uku Inna ba ta sa komai a bakinta ba. In ta sake dawowa, ni za ta dawo wa. Da hannuna zan kai."

Ashe shekarar nan ya samu hutu, ya gama shirin tafiya gida ya wuce Fanya, korona ta rufe filin jirgi. Bai gaya wa kowa ba. Na ce in ya tarar mutumin ya mutu fa? Ya ce zai nemi wanda ya san shi, in babu ya yi masa addu'a ya bar takardar a can, ƙasar da aka rubuta a jiki dai ta taka.

Da Awudu ya ji, ya ce a ɗauki hoton hatimin, waya za ta fassara. Baba ya ce, "Abin da ke kai maganata wurin kowa, shi zan nuna wa sirrin uwata? Waɗanda suka buga su za su karanta."

Muka yi dariya, don a ina zai ga ɗan Sifen ya tsaya masa? Sai ga gasar kofin duniya ta kawo su har filin wasan Al Thumama a nan garin. Ni aka sa gadi a inda motocin 'yan kallo ke tsayawa. Da la'asar sai ga Baba da farin kaftani, ambulan cikin leda, Awudu na biye a matsayin tafinta. Ɗan Sifen na farko da ya tare ya ɗauka tikiti yake sayarwa. Na biyu ya rungume shi aka yi hoto. Wasu 'yan mata suka rataya masa gyale ja da ruwan ɗorawa. Baba yana ta cewa, "Awudu, gaya musu ba rawa na zo ba."

Can ya kama hannun wani tsoho mai furfura, fuska duk fenti. Tsohon ya ga ambulan, ya daina waƙa. Ya goge hannunsa a wando, ya sa tabarau, ya karɓa da yatsa biyu. Baba ya dube ni ya ce, "Ka gani? Wannan ɗan gidan mutunci ne." Tsohon ya daɗe yana duba bayan, don tawadar ta koɗe. Ya yi wa Awudu Turanci, Awudu ya juyo.

"Ya ce an rubuta: ya tashi, bai bar adireshi ba."

"Tambaye shi, akwai inda aka ce ya mutu?"

"Ya ce babu. Wai da mutuwa ce, da ita za a rubuta."

Baba ya gyara hularsa. "Kun ji ko? Tashi ya yi."

Na ce, "Baba, yanzu ai ya kusa shekara ɗari."

"Kai ne gidan waya?"

Tsohon nan ya ciro tikiti, wai na ɗan'uwansa ne da bai samu zuwa ba, a ba shi ambulan ya ba da. Awudu kafin ya gama fassarawa ya fara roƙo. "Baba, don girman Allah. Ni zan shiga in kalla maka." Baba ya mayar da ambulan leda, ya ciro dabino uku ya zuba wa tsohon a hannu, ya ce, "Gaya masa mun gode, amma mai ita na jira." Kwana biyu Awudu bai gaishe shi ba. Rubuta, Awudu, haka aka yi.

Tun daga ranar Baba ya sake. Ranar Juma'a ya ja ni bakin teku a Corniche, ya tsaya yana kallon jiragen katakon nan yana lissafin hanya: Abuja, Kafanchan, Kalaba, sai teku. Ya sake neman hutu, aka ce bayan azumi.

Bai kai ba. Ya faɗi a bakin motarsa da safe, hawan jini. Da na je asibiti bakinsa ya karkace, amma ana jin maganarsa. Ya sa na ciro ledar daga aljihun kaftaninsa.

"Riƙe. Ka kai."

"Me ya sa ni? Ga Awudu, ga Hadiza."

"Hadiza za ta yi kuka a kai, tawada ta wanke. Awudu kafin ya kai bakin titi ya buɗe. Kai ko ka buɗe, ba abin da za ka gani."

Na ce, "Baba, zagi ne ko yabo?"

Ya ce, "Amana ce."

Tunda nake, ba a taɓa samun amfanin rashin karatuna ba sai ranar. Bayan kwana biyu ya cika. A nan muka binne shi, da yawanku kuna wurin. Gwangwanin na ba wani mai tafiya gida ya kai wa Hadiza hannu da hannu. Ban aika ta gidan waya ba, Baba ya yafe min.

Wasiƙar ta zauna a ƙarƙashin matashina wata huɗu. Na ɗauki siminti a Libiya, na ɗauki gawa a sahara, amma takardar nan ta fi su nauyi. Fanya ba zan iya zuwa ba. Ba ni da takardun shiga can, teku kuma sau ɗaya na shiga, na yi rantsuwa ba zan ƙara ba. Buɗewa ba zan yi ba. Ajiyewa kuma ba kaiwa ba ce.

Sai na sayi sabon ambulan babba na sa tsohon a ciki. Na zaunar da Awudu ya kwafi sunan Malam Garba mahauci da adireshin, ya sa tsohon sunan tsibirin da sabon, ina tsaye a kansa kada ya leƙa. Muka je gidan waya, zuwana na farko a duniya. Awudu ya juya ambulan ya ce, "Faɗi adireshinka in rubuta a baya."

Na ce, "Bar shi."

"In ba a same shi ba fa? Ta ina za ta dawo?"

Na dube shi. Ya dube ni. Ya mayar da biro aljihu. Na ture soson gefe, na lasa kan sarkin da harshena, na manna, na jefa a akwati.

Shekara ta zagayo, ba ta dawo ba. Kun san abin da Baba zai ce.

Yanzu shi ma ya tashi bai bar adireshi ba. Allah da ya san inda kowa yake, ka haɗa shi da Malam Garba da Inna a wuri ɗaya, ta faɗa wa mijinta da bakinta abin da ta sa aka rubuta. Ka jiƙan Baba Tanimu, ka yafe masa, ka ba shi takardarsa a hannun dama. Wannan da sunansa ce, sai ya buɗe. Amin.