Wankin Galo a Birnin Ƙonni

Illela

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da maigidana, wanda duk Illela ke kira Kafaran, wato kofur, saboda shekarun da ya yi a soja. Ina ɗauke da ƙullin kaya da ƙwaryar fura, shi kuwa ya sha farar riga yana tafe gabana kamar mai zuwa fareti. Bazara ce, tun kafin rana ta fito jiki ya fara tsatsafo gumi.

Abin da ya tashe mu shi ne Abdu, amininsa da suka shiga soja rana ɗaya. An ƙara masa girma ya zama ajidan a Ƙonni, ya aiko a zo wankin galo. Galo shi ne ɗan ƙyallen nan da soja ke maƙalawa a kafaɗa, wankinsa kuwa ba na rafi ba ne. Tsoma shi suke yi cikin kofin giya, babban aminin mai galo ya fara sha, sannan saura. Maigidana kuwa damina biyu ke nan bai kai kwalba bakinsa ba, bayan ta ci masa aiki, ta kusa ci masa aure. Na ce kada ya je. Ya ce mutumin da ya goya shi a daji ranar da ƙafarsa ta karye ba a aika masa da uzuri. Na ce to, ƙafata ƙafarsa, dama ina da zumunci da Rabi matar Abdu.

A tasha muka sami kamyo, babbar motar kaya, mai ɗauke da buhunan wake. Direba ya ba Kafaran gaba saboda girman soja, ya ƙi, ya hawo baya ya zauna kusa da ni. Na ce masa ai ba a san shi da gudun wurin daɗi ba. Sai ya ciro namijin goro ya gatsa. Tun da ya bar sha, shi ne abokin hirarsa.

Badagishiri

Da hantsi muka iso Badagishiri, ƙugu duk ya yi tsami, don hanyar ba abin da ba ta yi mana ba. Nan muka sauka jiran motar da ke fitowa daga Tawa. Muka sami inuwar bedi, wato dogonyaro, na dama fura muka sha. Na lura hannunsa lafiya lau yake riƙe da ludayi, na ji sanyi a raina, don na san lokacin da rabin furar kan ƙare a rigarsa.

Motar ba ta zo ba sai da rana ta take. Na tambayi direbanta ko za mu ga Ƙonni kafin la'asar, ya ce in taya ta yarda. Taya kuwa ba ta yarda ba, sau biyu muna sauka muna tsayawa cikin rana ana faci. Lokacin ba a zuba kwalta a hanyar Tawa ba.

Tsarnawa

A mararrabar Tsarnawa jandarma suka tsayar da mu, suka duba takardun direba, suka leƙa buhuna. Fasinja kowa ya nemi inuwa. Ni na san garin nan ba don alheri ba, don bayan tasha akwai wata rumfa da ta sha cinye kwanakin maigidana in ya ce ya tafi cin kasuwa. Ba mu gama sauka ba wani dogo mai jajayen idanu ya hango shi daga bakin rumfar, ya ɗaga kwalba sama yana kiran Kafaran, Kafaran, wai mai sanyi ce, yanzu aka ciro ta daga randa.

Maigidana ya ɗaga masa hannu kawai, ya juya baya. Ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa ya ce, “Tsaya nan, tsakanina da rumfag ga. Kak ki gusa.”

Na tsaya. Ni da ban kai kafaɗarsa ba, wai ni ce katanga. Amma wallahi ban taɓa jin girmansa kamar lokacin ba, namiji tsohon soja ya buɗe baki ya ce a tare masa. Na sayo albasa da ƙuli-ƙuli daga inda nake tsaye, mai tallar ce ta zo ta same ni, har direba ya busa oda.

Birnin Ƙonni

Mun shiga Ƙonni ana kiran la'asar. Gidan Ajidan Abdu a bariki yake, ɗaki uku da tsakar gida mai zana. Rabi ta tarbe mu da ruwan wanka da shinkafa da miyar zabi, ta ce na rame, na ce ita ma galon ne ya hau mata kumatu. Kafin mu gama ci an jera kujeru a ƙofar gida, sojoji da 'yan buro, ma'aikatan ofis, sun fara taruwa, an jibge kwalabe cikin baho. Mu mata muna ciki. Na sami wata ɓula a jikin zana na kafa ido, Rabi na ta yi mini tsiya wai ko kaza mai ƙwai ba ta yi gadi haka ba.

Wani sarjan mai ƙaton ciki ya tsiyaya giya cikin kofi har ta yi kumfa, ya jefa galon ciki, ya miƙa wa maigidana. Aka yi ta tafi. Ya karɓa. Ya riƙe kofin daidai ƙirjinsa, kuma ko daga inda nake ina ganin giyar tana rawa a ciki. Abdu ya sunkuyar da kai, don ya san labari, amma ba ya iya hana al'adar bariki a gaban mutanensa.

Sai na ji maigidana ya ɗaga murya ya kira ni. Ya ce in kawo ƙwarya da ruwa da sabulu. Ban san lokacin da na fito ba, ko mayafi ban gyara ba. Ya sa yatsa biyu ya tsamo galon, ya ajiye kofin a ƙasa, ya dubi jama'a.

“Wanki anka ce in zo yi,” ya ce. “Ni ko da ruwa da sabuni nis san ana wanki. Galon ɗan'uwana na, ba ni barin shi da wari.”

Ya durƙusa ya cuɗa ɗan ƙyallen nan da sabulu kamar mai wankin rigar salla, ya ɗauraye, ya matse. Wasu suka fashe da dariya. Sarjan ya ɓata rai, ya ce ashe Kafaran ya zama malam, sai a ba shi allo. Maigidana bai ko dube shi ba. Ya miƙe ya maƙala galon a kafaɗar Abdu, ya ja da baya ya ƙame ya sara masa.

Abdu ya dubi galon a kafaɗarsa. Can ya ce tun da aminin mai galo ne ke fara sha, a kawo ruwan randa. Na koma da gudu na ɗebo a moɗa. Maigidana ya sha, ya miƙa masa, shi ma ya shanye saura. Waɗanda suka zo don kwalba suka ci gaba da abinsu, ba wanda ya hana su. Maigidana kuwa ya zauna cikinsu da namijin goronsa ana ta hirar daji, har aka kira magariba ya tashi ya yi alwala. Ni dai a cikin gida kaina ya yi girma har Rabi ta ce ƙofa ba za ta ishe ni fita ba.

Komawa

Washegari da sassafe Abdu ya raka mu tasha da kansa, Rabi ta cika mini ƙulli da atamfa da sukari. A hanya na tambayi maigidana ko ya ji sha'awar giyar jiya. Ya ce har yanzu ƙanshinta na cikin hancinsa, kuma in na ga ya yi shiru in yi ta yi masa surutu. Wannan aikin kuwa ba a taɓa koya mini shi ba. Daga Tsarnawa har Badagishiri ban bar shi ya huta ba, sai da ya ce ya warke.

Mun iso Illela rana ta yi ja. Mahaifiyarsa, Inna, tsohuwa ce da ido ya yi rauni, muka tarar da ita zaune a zaure, aka ce tun jiya ba ta ci abin kirki ba. Ta ce ya matso ta ji ko ya dawo lafiya. Dukkanmu mun san abin da take son ji. Ya durƙusa har fuskarsa ta kusa taɓa tata, ya ce, “Shaƙa da kyau, Inna.”

Ta shaƙa, ta sake shaƙa. Sai ta dafa kansa, ta juyo wajena ta ce in ɗumama mata tuwon jiya, yunwa take ji.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Abdu da Rabi. Na shiga na hura wuta.