Soson da Na Ɗinka wa Makas

A Ƙofar Galadima cikin birnin Zariya aka haife ni, gidan masu ɗinkin manyan riguna. Kafin in iya karatu na iya zare da allura. Na yi boko, na kuma yi sa'a aka tura ni wata jami'a a Amurka. Ranar da zan tafi, har bakin ganuwa mahaifina ya rako ni a ƙafa. Ba wanda ya taɓa kirana ɓarawo a lokacin.

Garin ƙarami ne, ga sanyi, ga rashin mai ce maka sannu. Na zauna a Jidda da Yamai daga baya, ko'ina baƙo yakan sami wanda zai ja shi hira. Can sai ka yi mako ba ka buɗe baki ba sai a aji. Da na ji ƙungiyar ƙwallon jami'ar na neman mai gyaran kaya, na je. Irin ƙwallon nan tasu ce da ake runguma a gudu da ita, ƙarti sanye da kwalkwali suna ture juna, ta fi kusa da kokawa. Aikina wanki da ɗinke abin da ya yage.

A kakar wasan shekarata ta biyu ƙungiyar ta yi tashe, kusan kowace Asabar sai ta ci. Duk wasan daga hannun wani saurayi yake tashi, mai suna Makas, shi ne mai jefa ƙwallo. Sunana ya gagare shi, sai yake kirana Zariya. Yakan zauna kusa da keken ɗinkina ya ce, “Zariya, yaushe za ka ɗinka mini rigar sarakunanku?” In ce, “Sai ka yi tumbi, ba ta kyau da ramamme.” Shi kaɗai ya taɓa kai ni gidansu, mahaifiyarsa ta dafa mini kifi don ta ji ba na cin alade.

Da safar hannu na fara. Wani mutum mai suna Riki, da ke yawan tsayuwa a bakin filin atisaye, ya ce in ba shi tsohuwar da za a yar, ya saya. Daga safa sai riguna, daga tsofaffi sai sababbi. Yana kai ni cin abinci, yana sauraron labarin Zariya kamar ya damu. Sannu a hankali tambayarsa ta koma wa ke ɗingishi, wa bai yi atisaye ba. Na san ’yan caca yake kai wa, na yi kamar ban sani ba.

Saura wasa biyu kaka ta ƙare, Makas ya shigo ɗakin wanki ya rufe ƙofa. Ya ɗaga rigarsa, haƙarƙarinsa na hagu ya yi baƙi. Ya ce, “Ya tsage. In koci ya ji zai ajiye ni, ga masu ɗaukar ’yan wasa na manyan ƙungiyoyi za su zo ranar Asabar. Ɗinka mini soso ta ciki yadda ba mai gani.” Na ɗinka shi da hannu, da irin ɗinkin gidanmu, ko koci bai lura ba. Ya gwada, ya yi dariya ya ce, “Daga ni sai kai.”

A gidanmu, tela ba ya faɗin abin da ya gani a jikin mai riga. Mahaifina ya auna masu ƙusumbi da masu kyasbi, ko mahaifiyata ba ta taɓa jin sunan ɗaya ba. Na san wannan sarai. Duk da haka, washegari da Riki ya tambaye ni ko akwai labari, na faɗa masa, har da gefen.

Ranar Asabar ina tsaye a bakin fili riƙe da tawul. Tun farkon wasa na ga abokan karawa ta hagu kawai suke zuwar wa Makas. Sau uku suna kayar da shi yana tashi. A na huɗu bai tashi ba. Da aka ɗauko shi a gadon marasa lafiya aka bi ta gabana, ya miƙo mini kwalkwalinsa in ajiye masa. Ƙashin ya huda huhu. Bai sake wasa ba, ƙungiyar kuma ta faɗi wasan da ya rage.

Bayan wata biyu ’yan sanda suka kama Riki da mutanensa, sunana ne na farko da ya ba su. Aka haɗa mini satar kaya da hannu a haramtacciyar caca. Makas ya zo kotu sau ɗaya, ya zauna a baya, bai dube ni ba. A gidan yari ba wanda ya taɓa ziyartata. A can wasiƙar rasuwar mahaifina ta same ni. Da na gama wa'adina aka sa ni a jirgi.

Kunya ta hana ni dawowa gida, na yi shekaru ina yawon ƙasashe. Yanzu ina zaune a zauren gidanmu, ba mata, ba ɗa. In na ba da labarin nan, sai a ce, “Alhaji, ƙwallo ce fa kawai.” Wani malami a Tudun Jukun ne ya gane. Ya ce, “Tsakaninka da Allah, tuba ta isa. Haƙƙin yaron nan kuwa, sai shi ya yafe.” Na rubuta wa Makas wasiƙu, gidan nasu an sayar. Na sa an duba mini a waya, masu sunansa sun yi yawa.

’Ya'yana matasa, ku ji tsoron mai saya muku abinci yana tambayar labarin wani. In kaɗaici ya dame ku a baƙon wuri, ku jure, ya fi abota irin ta Riki sauƙi. Wanda ya buɗe muku rauninsa, ku rufe. In kuma kun riga kun cuci wani, ku tashi yau ku same shi tun kuna sane da ƙofar gidansa. Ni na tuba, amma na tsufa ban san ko Makas yana da rai ba.