Wuƙa Marar Tsini

Wata Laraba ce cikin daminar 1957, an ɗauke ruwan safe ke nan, ina tsugune a bakin zaurenmu na Ƙofar Ran ina kankare taɓon ƙafata da tsinke, sai ga Baba ya dawo da jakinmu, kayan da ya fita da su suna nan yadda ya ɗaure su. Ƙiraga ne, wato busassun fatun shanu, ya kai kantin Turawa da ke saye suna aikawa ƙasashen waje. Daga baya na ji yana gaya wa maƙwabta cewa akawun kantin ya riƙa ɗaga su yana haskawa a rana, yana nuna masa hudar wuƙa da inda gashi ya zube, ya ce a mayar. Baba ya kwance igiya, ya ture kayan ƙasa, wari ya tashi. Ga ni dab da ƙafarsa, amma sai ya ɗaga murya ya kira ƙanena da ke can cikin gida: "Sale! Ka ce wa wancan ya kai jakin nan ya ɗaure." Ni ne wancan.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma a zamanin ba a wasa da kunyar ɗan fari. Sunana Adamu, amma ban taɓa jin sunan a bakin Baba ko Inna ba. Ba sa kirana, ba sa dubana ido da ido, in magana ta kama sai a bi ta bakin wani. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, a can nake ci, a can nake kwana. Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, mutunci ne ma a wurinsu. To amma je ka gaya wa yaro ɗan shekara goma sha ɗaya haka, alhali yana kallon Sale ya ɗare cinyar Baba yana jan gemunsa, ana ba shi gutsuren hanta gasasshiya. Wallahi abin yana ci mini rai. Gida cike da mutane, ni kuwa kamar baƙon da ya daɗe bai tafi ba.

Baba mahauci ne, gwanin fiɗa a kwata. Nama na mai saniya ne, mu abin da ke riƙe da gidanmu fatar ce. In ya feɗe ya kawo, sai a shimfiɗa ta a ƙasa bayan ganuwa, a kafe gefunanta da turaku, rana ta busar. Aikina shi ne gadi. Daga na taso daga elementare, na yanko wa awaki ciyawa, na cika wa Kaka randa, sai in ɗauki karan dawa in je in zauna ina korar angulaye da karnuka. Can nesa ina jin yaran unguwa suna langa, ko suna bin ƙwallon tsumma da ihu. Ni sai dai in yi ta ƙirga duwatsun da suka kewaye Bauchi, in ba angulayen sunaye. A makaranta ma haka nan ne. "Ɗan kwata" suke kirana, in na zauna a benci sai na kusa ya toshe hanci ya matsa. Shi ya sa na ƙudura a raina akawu zan zama, in sa farar riga, in yi nesa da duk abin da ke da gashi da wutsiya.

Da muka kusa gama aji huɗu sai wani mutum ya zo makarantarmu a kan keke, gajere, mai faɗin kafaɗa, Kirista ne daga wajen Dass. Malam Yohanna sunansa, malamin fata na hukumar En'e. Ya ce hukuma za ta ɗauki yara daga gidajen mahauta da majema ta koya musu sabuwar hanyar gyaran fata. Aji gaba ɗaya ya juyo ya dube ni, wasu har da dariya ƙasa-ƙasa. Na sunkuyar da kai, na ce ni akawu nake so. Malam Yohanna ya dafa kafaɗata, da Hausarsa da ba ta damu da namiji ko mace ba ya ce: "Yaro, akawu ya yi yawa. Dubi shanu da awaki da ke shiga garin nan. Fata shi ne arzikin Bauchi, kuma a ƙasa kuna bari yana ruɓe." Ya rubuta sunana. Ranar na koma gida ina ji kamar an yanke mini hukunci.

Ashe ban sani ba. A wata doguwar rumfa kusa da kwata aka tara mu, aka ba kowa wuƙa. Kai, dariya ta ba ni da farko, don ba ta da tsini ko kaɗan, bakinta a zagaye yake kamar na ludayi. Malam Yohanna ya nuna mana yadda take bi tsakanin nama da fata ba ta huda ba. Ya nuna mana akuya ma ba ta son wuƙa sosai, da dunƙulen hannu ake saɓule ta. Sannan aka wanke fatar, aka ɗaure ta da igiyoyi a tsakiyar katako mai kusurwa huɗu, a tsaye, a inuwa, iska na ratsa ta gaba da baya. Ya ce wadda aka shanya a ƙasa, sama rana ta ƙona, ƙasa laima ta ruɓar. Ina jin haka sai jakinmu ya faɗo mini a rai, da kayan da aka dawo da su. Ga ciwon gidanmu, ga maganinsa a hannuna. Sai dai ta yaya ɗan fari zai tsaya gaban ubansa ya ce ga yadda ake yi?

Na kai wa Kaka maganar. Ita ce kaɗai nake sakin jiki da ita, "maigida" take kirana, ni kuma in ce na sake ta saboda miyarta ba gishiri. Ta jujjuya wuƙar ta taɓe baki. "Maigida, da wannan za ka ciyar da ni? Ko kuɓewa ba za ta yanka ba." Duk da haka bayan la'asar ta yafa zane ta sami Baba a zaure, ni kuma na laɓe a bayan zana. Ta ce masa yaron nan ya zo da wata dabara daga wurin malaminsu. Baba ya ce, "Iya, ni da na gaji fawa, yaro ne zai nuna mini bakin wuƙa?" Shi ke nan. Ban haƙura ba, na sari itace na haɗa abin shanyar a bayan gida. Kwana kaɗan na tarar an ɗaure akuya a jikinsa, Inna ta rataya tsumma. Ba wanda ya yi mini faɗa. Da ma faɗan aka yi, da ya fi mini, don ko ba komai an yi magana da ni.

Ranar bikin 'yancin kai aka yanka shanu da yawa don a ciyar da 'yan makaranta. Gari ya cika da tutoci kore da fari, yara na ta maci. Malam Yohanna ya roƙi Sarkin Fawa ya ba almajiransa sa ɗaya su feɗe a gaban jama'a, aka ba mu, kuma ni aka sa a gaba. Na hango Baba a cikin mahautan da suka kewaye mu. Na yi bismilla na sa wuƙa. Da muka gama aka ɗaga fatar aka haska a rana, ko huda ɗaya babu. Mahauta suka ɗau sowa, Sarkin Fawa ya juya yana cewa, "Ina uban yaron nan? Ka ga aiki!" Na ɗaga kai ina nemansa. Bayansa kawai na gani, ya saɓa babbar rigarsa yana ratsa mutane zai fita. Na san al'ada ce, uba ba ya tsayawa ana yabon ɗan farinsa. Na sani sarai. Amma na zagaya bayan rumfa na yi kuka, gari na ta kiɗa.

Ba a jima ba aka tura ni wajen Azare in koya wa mahautan can. Ranar tafiya na ajiye wuƙar a alkukin zaure, ban ce wa kowa komai ba. Shekaru suka yi ta tafiya, ina yawo kasuwa-kasuwa da keke. In na zo gida nakan ga ƙiraga a tsaye a inuwa, kuma jaki ya daina dawowa da kaya, sai na ɗauka doka ce ta tilasta, tunda ta tilasta wa kowa. Ni da Baba gaisuwa ce kawai, ina durƙushe yana kallon gefe. Haka muka zauna har Allah Ya karɓi ransa. Bayan sadakar uku Sale ya ja ni ɗaki ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin fata. Da ƙyar na gane wuƙar ce. Wasawa ta cinye ta, ta koma siririya kamar ganyen dawa, ƙotar ta yi sulɓi.

"Yaya, tun da ka tafi bai ƙara fiɗa da wata ba," in ji Sale. "Kuma ba mai taɓa ta. Kullum a kwata, gaban kowa, sai ya ce, miƙo mini wuƙar Adamu."

Na ce, "Haka yake faɗa? Da sunan?"

Ya ce, "Da sunan."

Yau bayan ganuwar nan duk gidaje ne, angulayen ma sun ɓace. Jikokina suna karatu a Yelwa, suna koyon abubuwan da ban san sunansu ba, fatun garinmu kuma ana loda su ɗanye a mota a kasuwar Muda Lawal, wasu ma babbaka su ake yi a ci. Nakan tambayi yaran ko akwai malamin da ya taɓa kai su kwata su ga abin da garinsu ke da shi, sai su yi dariya. Ni dai na karya al'ada, ɗan farina da sunansa nake kiransa, da ƙarfi ma, har ya gaji. Wuƙar tana ƙarƙashin matashina. Da ma sau ɗaya na tsaya a bakin kwata na ji da kunnena.