Ranar da Na Sake Bin Babana Hawan Dutse

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Tottenham, ƙawata ta ja ni wani ɗan gari a kan duwatsun Wales. Bikin nuna finafinai suke yi, aka ba ta aikin dafa wa baƙi abinci. Ni ba kallo ya kai ni ba. Wanke tukwane na je yi.

Ni 'yar kan dutse ce. Ƙauyen da aka haife ni mota ba ta hawansa. Muna da yarenmu, Hausa sai da aka sauko da ni gidan gwaggona a cikin gari na koya, ina ƙarama. Daga nan aikatau. Daga aikatau wasu mutane suka taho da ni London raino, da za su koma suka bar ni. Na yi sharar ofisoshi, na yi aure, mijin ya rasu ya bar min 'ya ɗaya. Ban taɓa shiga aji ba. Tarihin ke nan, ba na son jan sa.

Babana ya rasu ina nan. Sai da aka daɗe da binne shi labarin ya iso ni. Ba ni da hotonsa, don a garinmu ba a san hoto ba. Wata rana 'yata tana firamare aka ce kowa ya kawo hoton kakanninsa. Na ce mata ba mu da shi. Ta ce to yaya kamanninsa? Na ce dogo ne. Ta tsaya tana jiran sauran bayani, ni kuwa babu saura. Fuskarsa ta riga ta fara ɓace min, kuma ban gaya wa kowa ba. Ta daina tambaya, amma na san abin yana ranta har ta girma.

Ƙawar tawa 'yar zangon Kumasi ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Ta ce min, “Na yi booking mota. Kawo yarinya naka, shi ya iya tuƙi. Kai kuma zo ka ga dutse, kullum kana cikin flat kamar kaza.”

Na ce na ga dutsen da ya ishe ni a rayuwa. Amma na je.

Garin ƙarami ne, titi ɗaya ne ya hau sama, gidaje na bin sa. Da can fasa dutse suke yi, aikin ya mutu. Abin da ya ba ni mamaki, ba Turanci suke yi a tsakaninsu ba, su ma da nasu yaren, kuma suna riƙe da shi kam. Su da kansu suka haɗa bikin, duk shekara. Suna aro finafinan ƙananan al'ummu daga ko'ina, masu kiwo a cikin ƙanƙara, masu zama a daji, su rataya farin ƙyalle a tsohuwar majami'arsu su haska. Wani tsoho mai ƙaton hannu, tsohon mafashin dutse, shi ke kula da injin.

Rana ta biyu da la'asar ina ɗakin baya ina kankare ƙanzon shinkafa. 'Yata ta sauka neman albasa. Bango ne kawai tsakanina da masu kallo. Sai na ji ƙaho.

Ƙahon girbinmu ne. Ba a busa shi haka a ko'ina, ana ja sai a katse kamar wanda ya shaƙe. Ban san lokacin da na saki tukunyar ba. Na faɗa cikin zauren da kumfa har gwiwar hannu, zanina a jiƙe, na taka ƙafar wani bawan Allah ko haƙuri ban ba shi ba.

Dutsenmu ne a jikin ƙyallen. Hoton fari da baƙi ne, yana ta rawa, amma na gane tsagaggen falalen da muke shanya acca, na gane gonakin da aka tare da duwatsu hawa hawa. Sai ga wani mutum yana hawa da damin dawa a ka, yana jan ƙafar hagu. Faɗuwa ya yi daga itacen ɗorawa tun kafin a haife ni.

Na ce, “Baba!”

Da ƙarfi na faɗa. Duk Turawan suka waiwayo suna kallon matar kicin. Kafin in dawo hayyacina an wuce wurin, an nuna rawa, fim ya ƙare.

Da 'yata ta dawo ta same ni zaune a kan bokiti. Na ce, “Na ga kakanki.” Ta ajiye albasar. Ba ta tambaye ni ko na tabbata ba, ta san ba na faɗin abin da ban tabbata ba. Ta nufi matar da ke shugabantar bikin. Matar ta ji tausayi, amma ta ce akwai sauran finafinai jere har a tashi, wannan kuma aro ne, gobe da hantsi za a zo a tafi da shi wata ƙasa. 'Yata ta fara ɗaga murya da Turancinta na London. Na riƙe mata riga.

Tsohon mai injin yana gefe yana naɗe waya. Ya dube ni ya ce, “Your dad?” Na gyaɗa kai. Ya ce mu zo da safe kafin motar ɗaukar fim ɗin ta iso, mukullin zauren yana hannunsa.

Da safe mu huɗu ne a zauren. Ƙawata ta biyo mu da shayi a flas, wai ba za a ga tsoho babu ita ba. Injin ya fara ƙara. 'Yata sai tambaya take, “Wanne ne? Wannan ne?” Na ce ta jira.

Ya fito. Na ce, “Ga shi.”

Mai ɗaukar hoton a bayansa yake. Baba yana hawa, ana ganin warkinsa da ƙashin bayansa da damin yana lilo. Mutane a gefen hanya suna masa magana, bai kula su ba. Na ji 'yata tana raɗa, “Turn round. Please, turn round.” Ya kai bakin rumbu, ya sunkuya. A nan aka yanke, aka koma kan masu rawa.

'Yata ta ce, “Shi ke nan? Mama, bai juyo ba!” Shekara da shekaru tana jiran fuska, aka ba ta ƙeya.

Ƙawata ta kurɓi shayi ta ce, “Kai, wannan tsoho akwai taurin kai. Yau na ga inda ka gado.”

Na yi dariya, abin da ban yi zato ba. Sannan na yi musu bayani. A wurinmu damin farko na shekara maigida ne ke ɗauka. Daga gona har rumbu ba ya magana, ba ya waiwaye. An ce in ya waiwaya albarkar hatsin za ta koma gona, gida ya kwana da yunwa. Ko gobara ake yi a bayansa ba zai juyo ba. Yaran gida su ke bin sa suna tsince abin da ya zubo. Aikina ke nan kafin a sauko da ni. Inda mai hoton nan ya tsaya, nan ne wurina.

Tsohon bai ji Hausa ba, amma ya ga fuskar yarinyar. Ya mayar da fim ɗin baya ya sake sakawa, wai ko an yi sa'a. Ni na san ba za a yi ba.

A wannan karon ne 'yata ta ce, “Mama, me yake yi da hannunsa?”

Ban lura ba sai da ta faɗa. Akwai wani wuri mai santsi kafin a kai gida. Da ya zo nan sai ya rage tafiya, ya riƙe damin da hannu ɗaya, ya sauko da ɗayan ta baya, tafin a buɗe. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya mayar ya ci gaba.

A wurin nan na taɓa zamewa na fasa gwiwa, na yi ta ihu. Bai juyo ba, bai ce uffan ba. Hannu kawai ya miƙo ta baya, na kama yatsansa muka haye. Tun daga shekarar, duk muka zo nan sai ya miƙo.

A fim ɗin babu yaro ko ɗaya a bayansa. An ɗauka ne bayan na tafi.

Na gaya wa 'yata haka, da gajerun kalmomi, don dogayen sun ƙi fita. Ƙawata ta rufe fuska da mayafi tana cewa shayin ne ya ƙona ta. Tsohon ya tsayar da injin, ya fita waje ya bar mu.

Da hantsi aka zo aka tafi da fim ɗin. Ban sake ganin sa ba, ban kuma nema ba.

Yau in na tuna, ba baƙin ciki nake ji ba. Na daɗe ina zargin kaina da manta fuskar ubana. A zauren nan na gane ba fuskarsa na fi sani ba tun asali. Bayansa na sani, da wannan hannun. Na kuma daɗe ina zaton da aka sauko da ni an shafe ni ke nan a can sama. Ashe ba a shafe ni ba. Mutanen garin nan da ba su san ni ba, su suka nuna min haka a jikin ƙyalle. Allah ya saka musu.

Ranar da za mu taho, motar tana can saman titi. Na ɗora babbar tukunya a ka na yi gaba, 'yata tana biye da kwanuka. An yi ruwa, hanyar da santsi. Na ji ta ce, da Hausa, ita da ba ta cika amsa min da Hausa ba, “Mama, tafiyarku iri ɗaya.”

Ban waiwaya ba. Na sauko da hannu ta baya, ta kama.