Kyauron Damina

A gidanmu ni ce mai zaɓen kyauro, wato karan fadamar nan da ake dasa wa bakin kibiya. Maigidana ya iya harbi, amma ba shi da haƙurin zaɓe. Ni kuwa a wurin babana na koya tun ban san ɗaurin zane ba, karatun allo ma sai da na yi furfura.

Ba a yankan kyauro sai bayan kaka, in ya bushe a tsaye. Ki duba mai dogayen gaɓoɓi, ki ƙyasta shi da farce ki ji ko ƙwaro ya ci cikinsa, ki kai shi saitin ido ki juya. Wanda aka yanka ɗanye da damina, kyau ne da shi a hannu, amma yana barin tsirkiya zai karkace.

Shekarar da mahara suka matsa wa garuruwan arewa da mu, dagaci ya yi shela a fito a gwada harbi. Waɗanda suka fi za a tura bakin iyaka.

Surukata ta same ni ina sussuka, ta zaro kyauron damina daga cikin zanenta.

"'Yar nan, sa wa mijinki waɗannan a kwari. Ya kuskure, su yi dariya, ya dawo gonarsa."

"Haba Inna! Gari duka ya san ni ke zaɓar masa. A ce idona ya mutu?"

"To idon naki ne zai yi miki huɗa da damina?"

Na ce ba ni yi. Da ƙarfi na faɗa, har da buga taɓarya. Na zaɓo masa waɗanda ko babana zai yaba.

Bai kuskure ko ɗaya ba. Aka yi guɗa, har da tawa a ciki, kuma tawa ta fi tsawo. Suka tafi kafin a ɗaure dawa. Da ayarin ya dawo, wani ya ce an kama shi, wani ya ce a'a. Ba wanda ya ga gawa.

Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni na riƙe tsohuwar har ta koma ga Allah. Kullum in na ajiye mata tuwo sai ta ce, "Allah ya yi miki albarka," ta jira in juya baya, sannan ta fara ci.